Zawon yara: in masu magani sun daina, wa zai biya?



Wata rana da dare muna cikin karatu a makarantar yaƙi da jahilci, sai wani ɗalibina makiyayi ya fiddo karnen ɗansa daga aljihu. Ya ce: "Malam, duba mani nan. An ɗiga ma yaro magani a baki sau ɗaya. Na koma aka ce babu. Wa ke kawo shi? Ko an daina yin shi ne?" Na ce shi zai karanta da kansa, ni in taya shi. Ya haɗa baƙaƙe huɗu: R, O, T, A. Rota. Ɗalibai suka yi mashi tafi. Amma tambayar ta kwana cikin raina, don ni ma zawo ya taɓa gidana. Shi ya sa na bi sawun maganar, ga abin da na samo.

Rota ƙwayar cuta ce ƙarama, ido ba ya ganin ta. Tana sa jariri amai da zawo kamar ruwa. Ta fi yawa lokacin ɗari. Mu kan ce haƙori ne, ko mu ce kai ne in maɗiga ta faɗa. Ƴan uwa, maɗiga ba ta faɗawa banza, ruwan jikin yaro ne ya ƙare. Daga 2010 zuwa 2012 an auna kashin yara masu zawo mai tsanani a Maraɗi da Yamai. Kusan ɗaya cikin uku, rota ce.

A 2014 ƙasarmu ta sa ɗigon rota cikin rigakafin jarirai. Ana fara shi yaro na da sati 6, sannan sati 10. Wani iri sau biyu ne, wani sau uku, na ƙarshe a sati 14. Uwa ba ta biyan ko tamma. Amma kada mu ce kyauta ne daga sama. Akwai wani asusun duniya, sunansa Gavi, an kafa shi a shekarar 2000. Ƙasashe masu hali da masu kyauta ke zuba kuɗi ciki. Shi ke biyan babban kaso. Ƙasa mai ƙaramin ƙarfi irin tamu tana sa nata ɗan kaso, abin da bai kai dala 30 tamu ba ga kowane ɗigo.

To, ko masu yin magani suna dainawa? E, suna dainawa, kuma ya faru kusa da mu. A 2018 kamfanin Merck na Amurka ya ce zai rage maganin rota da yake ba ƙasashe huɗu: Mali, Burkina Faso, Kodebuwa da Sawo Tome. Ya ce daga 2020 ba zai ƙara ba su ba, wai abin da yake sarrafawa bai isa ba. A daidai lokacin kuwa ya fara kai shi ƙasar Sin. A lokacin, ɗigo guda wajen jika 2 ake sayen shi saboda yaran Afirka. A Sin ya fi jika 20. Duk wanda ya taɓa kai rago kasuwar Bakin Birji ya san inda dillali ke karkata.

Abin da ya taimaki maƙwabtanmu, da hannun Nijar ciki. Daga 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF da ma'aikatar lafiya sun gwada wani sabon ɗigo a Madarumfa, cikin jihar Maraɗi. Sunansa Rotasiil, a Indiya ake yin shi. Jarirai sama da 3.500 suka shiga lissafin gwajin, iyayensu manoma kamar mu. A 2017 sakamako ya fito: cikin mugun zawon rota uku, ya hana biyu. Kuma yana jure zafi wata da watanni ba tare da firigo ba. Wanda ya san zafin Damargu da bazara ya san darajar wannan. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi. Burkina Faso ta koma gare shi. Matan Madarumfa da suka riƙa kai jariransu, ni dai ina ganin ba a yi masu godiyar da ta kamata ba.

Ko Amurka ba ta tsira ba. Akwai wani mugun zawo da ke kama mutum bayan ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta da yawa. Ya warke, ya komo, ya warke, ya komo. A 2016 aka yarda da wani ƙarin ruwa mai hana shi komowa, sunansa Zinplava. A Janairu 2025 kamfanin ya daina yin shi. Maganin da babu shi, ko an ba ka kuɗinsa ina za ka saye? Na kawo wannan ne saboda ƙwayoyin nan ja da rawaya da muke saye bisa tire a kasuwa. Suna kashe ƙwayoyi masu amfani da ke cikin hanji. Rota kuwa ko gezau ba ta yi da su.

Asusun Gavi ma ya samu giɓi. A Yuni 2025 an yi taron tara kuɗi a Turai. An nemi dalar Amurka biliyan 11,9, aka samu alkawarin sama da biliyan 9. Amurka ta ce ba za ta zuba ba. In rijiyar da gari ke sha ta ja baya, na ƙarshen layi ke fara ji.

Yanzu mu komo gida. Tun 2006 doka ta ce yaro da bai kai shekara 5 ba, a duba shi kyauta a gidan likita na gwamnati. Gidan likita ya ba da magani, gwamnati ta biya shi daga baya. Shekara da shekaru kuɗin nan kan daɗe ba su iso ba, sai magani ya ƙare bisa kanta. A 2024 kuma gwamnati ta rage kuɗin asibitocinta da rabi, ta ce haihuwa kyauta ce.

Ni na ga ƙarewar magani da idona. Wata shekara da ɗari ɗiyata ta yi zawo sau uku cikin wata biyu. Na kai ta wani gidan likita. Malamin asibiti ya ba mu ƙunshin gishiri da sukari, ya ce ƙwayar zinki ta ƙare, ya rubuta mani takarda. Na saida hatsi tiya biyu na sayo a kantin magani. Da ta ji sauƙi ran na uku, uwarta ta so ta ɓoye saura don wata rana. Nan ne kuskuren yawancinmu. Zinki kwana 10 zuwa 14 ake sha ko zawo ya tsaya. Shi ke gyara hanji, ya rage komowar zawo har wata biyu ko uku. Yaron da ya wuce wata 6, ƙwaya ɗaya kullum. Wanda bai kai ba, rabi. Tana narkewa cikin ɗan ruwa ko nonon uwa a cokali. Mun cika kwana 14, kuma har damina ta faɗi ba mu koma ba.

In kana daji da dabbobi babu ƙunshi kusa, tafasa ruwa lita ɗaya ya huce. Sa sukari cokalin shayi 6, gishiri rabin cokali, duka a shafe, ba a tula ba. A ba yaro kaɗan kaɗan, kada a hana shi nono. In ka ga jini cikin kashi, ko ido ya faɗa, ko ya ƙi sha, a ɗaura jaki ko amalanke a nufi likita, kada a jira gari ya waye.

Kuma in an ce maka babu, tambayi majo ran da za a kawo. Tambaya ba rashin kunya ba ce. Ka sa a rubuta maka ranar bisa karne. In babu a nan, ka tambaya a gidan likita na gaba ran kasuwa, tun yaro na jariri.

Haka ɗalibina ya yi. Bayan sati uku ya shigo aji da karnen cikin leda. Bai miƙo mani ba. Ya matsa kusa da fitila, ya sa yatsa bisa layi na biyu, ya karanta da ƙarfi: "Rota 2."