San da ya cika ido ba lallai ya cika garke ba

Shekara uku da suka wuce na raka kawuna kasuwar shanu ta Wudil. Yana da shanu mata goma sha ɗaya, yana neman bijimin da zai saka a cikinsu. Mun zagaya kara tun hantsi har azahar kafin idonsa ya faɗa kan wani farin sa, tozo kamar tulu, gashi na sheƙi, yana tafiya ƙasa na amsawa. Dillali ya ce masa, “Alhaji, wannan ko makaho ya shafa ya san ya taɓa sa.” Kawu ya sayar da maruƙa biyu, ya haɗa da kuɗin gyaɗarsa, ya biya.

'Ya'yan san nan sun zo, kuma ba su fi na maƙwabta da komai ba. Daga baya muka ji cewa wata huɗu ya yi a turke yana cin dusa da harawa kafin a fito da shi kasuwa. Ashe abinci muka saya. Abinci kuwa ba a gadonsa.

Sai da na shiga aji biyu a sashen kimiyyar dabbobi na gane cewa wannan matsala ta kawu ita ce ta sa masana suka ɓata shekaru suna lissafi. Abin da ido ke gani a jikin dabba haɗin abu biyu ne: abin da ta gada, da abin da ta samu na ci da sha da lafiya da yanayi. Mai sayen sa don yanka, duka biyun nasa ne. Mai sayen sa don barbara kuwa na farkon kaɗai zai kai gida. Kuma kuskure a kan bijimi ya fi kuskure a kan saniya tsada. Saniya in ta yi ƙoƙari maraƙi ɗaya za ta bayar a shekara, amma sa ɗaya yana iya hawa shanu 25 zuwa 30, rabin jinin duk maruƙan shekarar nasa ne. 'Ya'yansa mata kuma su ne iyayen garken gobe.

Ma'auni na farko da aka koya mana mai sauƙi ne, ko ɗan sakandare zai iya. A Amurka ana auna maraƙi ranar haihuwa, a sake auna shi lokacin yaye, sai a mayar da lissafin kamar duka maruƙan kwana 205 gare su, don kada babba ya ci ƙarami da shekaru. Ga misali. Maruƙa biyu, kowanne an haife shi da kilo 25. Na farko ya kai kilo 133 a kwana 240. Na biyu kilo 115 a kwana 180. A ido na farko ne gwani. Amma a cire nauyin haihuwa, a raba da kwanaki: na farko yana ƙara giram 450 a rana, na biyu giram 500. In aka kai su kwana 205, na farko yana wajen kilo 117, na biyu kuwa kilo 127 da rabi. Ranar da malaminmu ya yi wannan lissafi a allo, farin san Wudil na tuna.

Sai dai ko wannan bai isa ba. A nauyin yaye, kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari ne kawai na bambancin da ke tsakanin maruƙa ake dangantawa da gado. Sauran na nonon uwa ne, da ciyawa, da cuta, da lokacin da aka haife su. Shi ya sa ba a gwada maraƙin damina da na bazara, ko na wannan gona da na waccan. Ana gwada waɗanda suka tashi tare, suka ci abu ɗaya.

To yaya za a gwada san da ke jihar Tekzas da wanda ke Montana, alhali ba su taɓa cin ciyawa ɗaya ba? Nan ne aikin wani masani mai suna Charles Henderson na Jami'ar Cornell ya shigo. Ya tsara hanyar lissafi da ake kira BLUP, wadda ke haɗa awon dabbar da na iyayenta, da 'yan uwanta, da 'ya'yanta a duk garken da suke, ta ware tasirin wuri gefe, ta bar na gado. Sakamakon shi ne lambobin da Amurkawa ke kira EPD, wato hasashen bambancin da za a gani a 'ya'yan dabba. A Ostareliya, inda tsarin BREEDPLAN ya fara aiki a 1985, suna amfani da EBV, wato ƙiyasin darajar gadon dabbar kanta. Tunda rabi kawai uba ke bayarwa, EPD rabin EBV ne.

Inda ɗalibai da yawa ke faɗuwa a jarrabawa shi ne ɗaukar lambar a matsayin nauyi. Ba nauyi ba ce, tazara ce. In wani sa yana da +30 a nauyin yaye, wani kuma +20, a kilo, ma'anarsa in aka ba su shanu iri ɗaya, a wuri ɗaya, 'ya'yan na farko za su fi na biyu da kimanin kilo 10 in aka ɗauki matsakaici. Ba kowane maraƙi ba. Kuma kusa da kowace lamba akwai wata ƙarama, daga 0 zuwa 1, da ke nuna yadda za a amince da ita. Ɗan bijimin da bai haifi ko ɗaya ba tasa ƙasa take. Tsohon sa mai 'ya'ya dubu tasa ta kusa 1. Tun bayan da aka kammala karanta ƙwayoyin halittar saniya a 2009, ana iya tsinke gashin wutsiyar maraƙi a kai ɗakin gwaji, lambar amincinsa ta ɗaga tun bai san mace ba.

Takardar bijimin Angus a Amurka cike take da irin waɗannan lambobi. Akwai na nauyin haihuwa da sauƙin haihuwa, saboda maraƙi mai girma fiye da kima yana iya kashe karsana a haihuwar fari. Akwai na nauyin shekara ɗaya, da na kitsen da ke ratsa tsoka. Akwai na nono, wanda abin mamaki a jikin namiji ake rubuta shi, kuma ba da lita ba, da nauyin da jikokinsa za su ƙara daga nonon 'ya'yansa mata. Akwai ma na kaurin maraina. Ranar da aka zo nan aji ya kaure da dariya, har malam ya ce mu gama tukuna. Da muka gama ya bayyana cewa san da ke da kaurin maraina ya fi yawan maniyyi, kuma 'ya'yansa mata sukan balaga da wuri. Dariya ta koma rubutu.

Kada mai karatu ya ɗauka lamba ba ta ɓata. A 2008 masu kiwon Angus suka gano wata cutar gado da ke sa a haifi maraƙi matacce, ƙashin bayansa a murɗe. Da aka bi salsala, sai aka tarar yawancinsu suna komawa ga wani shahararren sa da ake kira Precision 1680, wanda saboda kyan lambobinsa aka yi ta raba maniyyinsa ta hanyar allura har zuriyarsa ta cika ƙasa. Shi kansa lafiyarsa ƙalau. Cutar ba ta fitowa sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita, sannan ta kama kimanin ɗaya cikin maruƙa huɗu. Sai da jikoki suka fara haɗuwa da jikoki asiri ya tonu. A Beljiyam kuma an bi tsoka har aka samu shanun da yawancinsu sai an yi musu tiyata suke haihuwa.

Wani abokina da ya ga hotunan Angus a intanet ya ce shi in ya samu jari su zai shigo da su. Ni dai ban goyi bayansa ba. Baƙar saniya ce da asalinta Sukotland, lambobinta kuma an tara su ne a inda ake da abinci da likita. Babu layin da ya ce za ta jure zafin Afrilu a Gumel, ko kaska, ko tafiyar yini guda neman ruwa. Bunaji da Bokoloji da Rahaji da Azawak sun ci wannan jarrabawa tun kafin a ƙirƙiro kwamfuta. Abin da ba su da shi rubutu ne. Ana aikin awo da zaɓe a wurare irin su cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da tashar Tukunus a Nijar inda ake kula da Azawak, amma shanun da ke hannun makiyaya, waɗanda su ne mafi yawa, ba wanda ke auna su.

Kuma ba wai makiyayi bai san gado ba. Bafulatanin da ke yi wa kawu kiwo zai gaya maka uwar kowace saniya da kakarta, wadda ke haihuwa duk shekara da wadda ke tsallakewa, wadda zuriyarta ba ta ramewa da rani. Rabin aikin Henderson yana kansa. Abin da ya rasa sikeli ne da kwanan wata.

A hutun da ya wuce na sayi littafi mai shafi 80 da tef irin na tela. In babu sikeli, ana auna zagayen ƙirjin dabba daga bayan ƙafafun gaba, ya ba da ƙiyasin nauyi, ko aƙalla ya nuna wanda ke gaba da wani. Na ba kowace saniya shafi biyu: sunanta, ranar da ta haihu, uban maraƙin, awon ƙirjinsa duk farkon wata. Ƙanina da ke aji biyar a sakandare ne ke cikewa in na koma makaranta, ya turo min hoto ta WhatsApp.

Kawu ya duba littafin ya ce, “Yanzu kai da wannan tef ɗin za ka fi dillali sanin sa?”

Na ce, “A'a Kawu, ba bana ba. Amma in Allah ya kai mu shekara uku, ba sai mun je Wudil neman bijimi ba, a cikin garkenka za mu zaɓa.”

Bai ce komai ba. Washegari da wata saniya ta haihu da asuba, shi ya aiko a tashe ni in zo da tef.