Halwar Latsa Na'ura: Yadda Star Trek Ya Yi Wa Al'adar Wasu Gurguwar Fahimta

Masu bibiyar finafinan ƙagaggen kimiyya ba za su manta da Star Trek: Voyager ba, shirin talbijin na Amurka da aka nuna daga 1995 zuwa 2001, mai ba da labarin wani jirgin sararin samaniya da ya ɓata a nisan da komawarsa gida za ta ci shekara 75. A cikin ma'aikatan jirgin akwai mataimakin kyaftin, Chakotay, wanda aka gabatar a matsayin ɗan asalin mazauna Amurka na farko, wato waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa. A ganina niyyar masu shirin kyakkyawa ce, amma yadda suka nuna halwar waɗannan mutane ya isa abin nazari.

A kashin da ake kira The Cloud, na watan Fabrairun 1995, Chakotay ya yi wa Kyaftin Janeway jagora don ta sadu da dabbar da za ta zame mata jagorar ruhi. Ya kwance ƙunshinsa, ya fito da fiffiken tsuntsu da dutsen kogi da wata 'yar na'ura mai suna akoonah, ya bayyana cewa kakanninsa ganyaye masu juya hankali suke amfani da su, amma yanzu kimiyya ta kawo hanyar zamani. Janeway ta ɗora hannu a kan na'urar, nan take ta fita daga hayyacinta, ta ga kanta a bakin teku tare da wani ɗan ƙadangare. Kafin a je ko'ina ƙararrawar ƙofa ta kaɗa, ta farfaɗo, ta koma bakin aiki.

To, mai karatu, bari mu dubi ainihin abin. A wurin ƙabilar Lakota, wannan ibada sunanta hanbleceya, ma'ana kukan neman gani. Mai nema yakan fara da zuwa wurin dattijo masani, a shirya shi, a tsarkake shi a bukkar gumi, sannan a kai shi kan tsauni shi kaɗai, inda zai iya kai kwana 4 babu ci babu sha, yana addu'a, danginsa kuma suna ƙasa suna taya shi. In ya sauko, dattijon ne zai taimaka masa wajen fassara abin da ya gani. Wato gushewar hayyacin ƙaramin yanki ne na al'amarin; yunwar da kaɗaicin da jagorar da jama'ar su ne ginshiƙansa. Shirin ya zubar da waɗannan duka, ya ɗauka cewa magana ce ta juya ƙwaƙwalwa kawai, wadda ganye ko lantarki za su iya yi cikin daƙiƙa.

Ina wannan kuskure ya samo asali? Wanda masu shirin suka ɗauka ya ba su shawara kan al'adun Chakotay shi ne marubuci Jamake Highwater, wanda ya yi shekaru yana iƙirarin shi ɗan asalin ƙasar ne. Alhali tun 1984 ɗan gwagwarmaya Hank Adams da ɗan jarida Jack Anderson sun tona asirinsa, daga baya kuma ta tabbata cewa sunansa na yanka Jackie Marks, haifaffen Los Angeles. Hausawa sun ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, haka ma wanda ya tsallake masu al'ada ya nufi ɗan sojan gona, ya san irin amsar da yake so. Shi ya sa Chakotay ya fito tamkar fate-fate: a ƙasar da ke da ƙabilu fiye da 570 da gwamnati ta amince da su, an tsinto wannan daga nan, wancan daga can, an haɗa masa. Bugu da ƙari, a kashin Tattoo na wannan shekarar, sai aka ce wasu halittu ne daga wata duniya suka ba kakanninsa baiwarsu shekara 45,000 da suka wuce, kamar dai hikimar tasu ma aro ce.

Wani zai ce ai wasa ne, me ya yi zafi? Sai mu tuna cewa a 1883 gwamnatin Amurka ta kafa dokokin da suka haramta wa waɗannan mutane bukukuwan addininsu, ana hukunta masu yi da ɗauri ko hana su abinci, kuma sai a 1978 aka yi dokar da ta amince da 'yancin ibadarsu. A 1993 taron Lakota ya fitar da sanarwar yaƙi da masu cin kasuwa da addininsu. Hatsarin ya bayyana ƙarara a Oktoban 2009 kusa da Sedona, jihar Arizona, inda mutum 3 suka mutu sanadiyyar bukkar gumin kwaikwayo da James Arthur Ray ya shirya, bayan mahalarta sun biya kusan dala 10,000 kowannensu. Kotu ta same shi da laifin kisa ta hanyar sakaci a 2011. Ban ɗora wa Star Trek alhakin wannan ba, sai dai tunanin iri ɗaya ne: cewa ana iya raba halin da al'ummar da ta san iyakarsa.

Ƙagaggen labari yana da damar ƙirƙiro jirgi da taurari yadda ya ga dama, domin babu wanda zai ce an yi masa ƙarya. Amma da zarar marubuci ya sa hannu cikin ibadar mutanen da ke raye, wajibi ne ya tafi wurinsu ya tambaya, ya kuma tabbatar da wanda yake tambaya. Masu Voyager sun kashe dukiya mai yawa wajen ƙawata jirginsu, amma binciken da ɗan jarida ya riga ya wallafa shekara 11 kafin nan, sun kasa waiwayarsa.