Tsiron Da Taki Ke Kashewa: Yadda Ake Renon Karan Dausayin Niyu Zilan

Gabatarwa

Kowane manomi ya san cewa taki shi ne abincin shuka. To amma Allah cikin ikonsa ya halicci wasu tsirrai waɗanda ba su rayuwa sai a ƙasa marar abinci, har ma taki kan zame musu guba. Wannan maƙala za ta dubi ɗaya daga cikinsu, wato wani kara da masana ke kira Sporadanthus ferrugineus, wanda ba ya fitowa da kansa a ko'ina sai a Tsibirin Arewa na ƙasar Niyu Zilan.

Siffarsa Da Mazauninsa

Tsiron yana kama da siririn gora, tsawonsa kan kai mita 3, kuma kore ne shar duk shekara. Ganyensa ya ƙanƙance ya zama ɗan kube a kan gaɓoɓi, saboda haka jikin karan ne ke haɗa abinci daga hasken rana. Namiji daban yake, mace daban. Sai a shekarar 1999 aka tabbatar da shi a matsayin jinsi mai zaman kansa.

Mazauninsa dausayi ne mai baƙar ƙasa da ake kira fit. Ita wannan ƙasa matattun tsirrai ne da suka taru a cikin ruwa, rashin iska da tsami suka hana su ruɓewa sarai. Kaurinta yakan ƙaru da kimanin milimita 1 kacal a shekara. Da yake dausayin ya yi tozo sama da ƙasar da ke kewaye da shi, kogi ba ya kawo masa laka. Ruwan sama kaɗai yake sha. A yau tsiron ya rage a wurare ƙalilan a yankin Waikato, mafi girmansu shi ne Kopuatai, mai faɗin kimanin hekta 10,000, wanda aka sa cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar a 1989.

Yadda Ake Renonsa

Mai son renon wannan tsiro dole ya kwaikwayi talaucin mazauninsa. Da farko, ƙasar ta kasance mai tsami, awonta na pH bai wuce 5 ba. Kada a zuba mata toka ko farar ƙasa, domin suna kashe tsami. Na biyu, a guji kashin kaji da takin zamani, musamman mai sinadarin fosfaras. Saiwar dangin wannan tsiro ta saba da tsotsar ɗan abin da ta samu, idan abinci ya yi yawa sai ya cutar da ita, kuma ciyayi masu saurin girma su rufe shi.

Na uku, ruwan sama ya fi dacewa da shi, saboda ruwan rijiya sau da yawa yana ɗauke da gishirin da ke rage tsamin ƙasa. Ƙasar ta zauna da danshi kullum. Na huɗu, a ajiye shi a fili inda rana ke samunsa sosai.

Ana yaɗa shi ta hanyar sabon iri, ko ta raba gindi tare da saiwarsa mai rarrafe a ƙarƙashin ƙasa. Sai dai ba ya son a dami saiwarsa, kuma yana jinkirin kamawa. Mai renonsa sai ya yi haƙuri, ya bar shi a inda ya dasa shi. Ya kamata a sani cewa tsiro ne na ƙasa mai sanyi da yawan ruwan sama.

Me Ya Sa Ake Wahala A Kansa?

Ƙasar fit ba ta wuce kashi 3 cikin 100 na doron ƙasa ba, amma kabon da ta adana ya fi wanda ke cikin itatuwan dazuzzukan duniya baki ɗaya. Idan aka haƙa magudana aka tsane dausayi domin kiwon shanu, iska takan shiga, ƙasar ta soma ruɓewa tana sakin iskar kabon mai ɗumama duniya. A gonakin Waikato irin wannan ƙasa tana lotsawa da kimanin santimita 2 a shekara, wato abin da aka tara a shekara 20 yana tafiya a shekara guda. Gobara ma tana kashe tsiron har gindi.

Haka kuma akwai wata tsutsar malam-buɗe-littafin dare, Houdinia flexilissima, wadda aka bayyana a 2006. Kaurinta bai kai milimita 1 ba, kuma ba ta da gida sai cikin wannan kara. Idan ya ɓace, ita ma ta ɓace.

Kammalawa

Niyu Zilan ta riga ta rasa kimanin kashi 90 cikin 100 na dausayoyinta. Reno a lambu yana samar da dashen da ake mayarwa wuraren da aka lalata, kuma wannan aiki ne mai amfani. Amma lambu ba ya iya tara ƙasar da ta ɗauki dubban shekaru tana taruwa. Saboda haka babbar kulawar da tsiron ke bukata ita ce a bar wa dausayinsa ruwansa.