AWON SUKARI A GIDA: LAMBA ƊAYA BA TA YANKE HUKUNCI

A wani rangadi da na yi na duba cibiyoyin karatun manya a lambunan Tabelot, cikin duwatsun Abzin, wani magidanci manomin albasa ya ja ni gefe bayan an tashi daga darasi. Ya zaro wata ƴar na'ura daga aljihu, irin wadda ake awon sukarin jini da ita. Ɗansa mai kai albasa Kumasi ne ya sayo masa. Ya ce: "Malam, tawa ta ƙare. An faɗa mana a gidan likita cewa wanda awonsa ya kai ɗaya da ashirin da shida yana da ciwon sukari. Ni ga nawa nan, biyar da huɗu." Kwana goma sha biyu ke nan bai sa tuwo a bakinsa ba, barci ya ƙaurace masa, har ya fara tunanin wanda zai bar wa lambun.

Na karɓi na'urar na duba. Lalle 5.4 ta rubuta. Amma a gefen lambar akwai wasu ƙananan baƙaƙe da bai kula da su ba, kuma a cikinsu amsar take. Awon nasa na mai lafiya ne.

Da na komo Agadas kuma sai na tarar da akasin haka. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta yi watanni tana fama da ƙishirwa da yawan fitsarin dare, tana ta ramewa. Jikanta ya auna ta da safe, na'ura ta rubuta 260. Ta ce zafin bazara ne, kowa ma yana shan ruwa. Ba ta je asibiti ba sai da wani gyambo ya ƙi warkewa a ƙafarta.

Ɗaya ya firgita ba dalili, ɗaya ta kwantar da hankali alhali akwai dalilin tashi. Abin da ya haɗa su shi ne rashin sanin yadda ake karanta lambar. Shi ne za mu yi bayani a kai yau.

MENE NE CIWON SUKARI?

Abincin da muke ci, kamar gero, alkama, shinkafa, taliya, burodi da dankali, yana narkewa a ciki ya zama sukari, ya shiga jini. Wannan sukari shi ne ƙarfin jiki. Amma ba ya shiga tsoka shi kaɗai, sai da taimakon wani sinadari mai suna insulin, wanda wata gaɓa da ke bayan tumbi take samarwa.

Mai lambu zai fi kowa gane wannan. Ruwa yana gudu a magudana, amma sai an buɗe bakin fangali kafin albasa ta sha. In babu mai buɗewa, ruwa zai cika magudana ya malale, shuka kuwa tana bushewa. Insulin shi ne mai buɗe bakin fangali. In ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina jin aikinsa, sai sukari ya taru a jini, jiki kuwa yana jin yunwa da kasala.

Ciwon iri biyu ne manya. Na farko ya fi kama yara da matasa, yana zuwa da sauri, kuma ba shi da magani sai allurar insulin, wadda aka gano a birnin Toronto na Kanada a 1921. Na biyu shi ya fi yawa nesa ba kusa ba. Ya fi kama manya, musamman masu ƙiba, da marasa motsa jiki, da waɗanda ciwon ke cikin danginsu. Yana shiga a hankali, mutum ya yi shekaru bai sani ba. A ƙididdigar da Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta fitar a 2021, manya miliyan 24 ne ke da ciwon a Afirka ta kudu da Sahara, kuma kashi 54 cikin 100 ba su san suna da shi ba. Saboda haka wanda ya damu da ya san halin jininsa bai yi laifi ba. Laifin shi ne ya tsaya a damuwa kawai.

Alamun da aka fi gani su ne: ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari musamman da dare, rama ba tare da dalili ba, gajiya, gani dishi-dishi, miki mai daɗewa bai warke ba, da jin ƙafafu suna mutuwa ko suna zogi. Mutane suna duba ko kiyashi ya taru a wurin da suka yi fitsari. Gaskiya ne sukari yana fita a fitsari, amma galibi sai ya haura wajen giram 1,80 a jini. Rashin ganin kiyashi ba shaidar lafiya ba ne.

MA'AUNI UKU, JINI ƊAYA

Dukanmu mun san kuɗin da aka rubuta 100 a jikinsa, a kasuwa dala ashirin muke ce masa. Kuɗin ɗaya ne, ƙirgar ce ta bambanta. Haka awon sukari yake. Ma'auni uku ake amfani da su a duniya, kuma na'urorin da ke shigo mana daga ƙasashe dabam-dabam ba ƙirga ɗaya suke yi ba.

1. g/l, wato giram a lita. Shi ne aka saba rubutawa a takardun asibitocinmu na Nijar, kamar yadda ake yi a Faransa. Lambarsa ƙarama ce mai waƙafi, misali 0,97.

2. mg/dL. Shi ne na Amurka, kuma na'urori da yawa da shi suke ƙirga. Lambarsa babba ce ba waƙafi, misali 97.

3. mmol/L. Shi ne na Ingila da Gana. Lambarsa matsakaiciya ce mai ɗigo, misali 5.4.

Ga lissafin: in na'urarka ta mmol/L ce, ka ninka lambar sau 18, za ka sami mg/dL. In kana da mg/dL, ka raba da 100, za ka sami g/l. Mu gwada da awon manomin nan: 5.4 sau 18 ya ba da 97, wato 0,97 a ƙirgar asibitinmu. Bai kai 1,26 ba. Ita kuwa dattijuwar, 260 ɗinta 2,60 ne, ya ninka iyakar har ya wuce. Don haka kafin ka karanta lamba, ka fara karanta ƙananan baƙaƙen da ke gefenta.

YAUSHE AKA YI AWON?

Sukarin jini ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yana hawa bayan cin abinci, ya sauka daga baya, ko ga mai cikakkiyar lafiya. Wanda ya sha fura ko kofi uku na shayi mai sukari, ya auna bayan rabin awa, zai ga lamba ta hau, kuma wannan bai nuna ciwo ba. Lambar da ba a san lokacinta ba, ba ta da ma'ana.

Awon da aka fi dogara da shi shi ne na safe, bayan awa 8 aƙalla ba a ci kome ba. Ruwa zalla bai ɓata shi ba, amma shayi ko madara ko dabino ɗaya sun ɓata. Ga yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa awon safe:

Daga 0,70 zuwa 1,09 (70 zuwa 109, ko 3.9 zuwa 6.0): babu damuwa.

Daga 1,10 zuwa 1,25 (110 zuwa 125, ko 6.1 zuwa 6.9): ana bakin iyaka. Ba ciwon ba ne tukuna, gargaɗi ne. Wasu likitoci suna fara gargaɗin tun daga 1,00.

Daga 1,26 zuwa sama (126, ko 7.0): ana zaton ciwon, sai asibiti ta tabbatar.

Hukumar ta tsayar da wannan iyaka ta 1,26 ne a 1999. Kafin nan 1,40 ake amfani da shi, shi ya sa za ka ji wasu dattawa suna faɗin tsohuwar lambar.

Awa biyu bayan cin abinci, awon mai lafiya yakan kasance ƙasa da 1,40 (140, ko 7.8). In kuwa awo ya kai 2,00 (200, ko 11.1) a kowane lokaci, ga kuma alamun da muka lissafa, to ba a jiran gobe ta zama jibi. Mace mai ciki tana da nata ma'auni dabam: awon safe na 0,92 ma ya isa a sa mata ido, don haka ta nemi a auna ta a wurin awon ciki.

ABUBUWAN DA KE SA NA'URA TA YI KUSKURE

Ko sabuwa ce mai kyau, na'urar gida kintace take yi kusa da gaskiya. Ƙa'idar da ƙasashe suka amince da ita a 2013 ta yarda na'ura ta kauce da kashi 15 cikin 100 a irin waɗannan lambobi. Ma'ana, wanda ainihin sukarinsa 120 ne, na'ura na iya nuna masa 102, tana kuma iya nuna 138. Ka ga jini ɗaya, amma lamba ɗaya ta ce lafiya, ɗaya ta ce ciwo. Ga wasu abubuwan da ke ƙara kuskuren:

Yatsa mai zaƙi. Wanda ya taɓa dabino, ko ya ɓare lemun Timiya, ko ya fasa sukarin shayi, ragowar zaƙin na iya haɗuwa da jinin, lamba ta tashi sama. A wanke hannu da ruwa da sabulu, a bar shi ya bushe sarai.

Zafi. Ƴan takardun awon da ake zura wa na'ura, waɗanda ma'aikatan lafiya ke kira bandalet, mafi yawansu ba a son a ajiye su inda zafi ya wuce digiri 30. A Agadas kuwa zafin watan Mayu yana haura 40. Kada a bar su a mota, ko a aljihu, ko ƙarƙashin rufin kwano. A ajiye su a inuwa cikin ɗakin ƙasa, a cikin robarsu, a rufe ta da zarar an ɗauki guda.

Ranar lalacewa. A duba wata da shekarar da aka rubuta a jikin robar. Kowace na'ura kuma tana da irin nata bandalet.

Rashin lafiya da magunguna. Zazzaɓi mai zafi na iya ɗaga sukari na ɗan lokaci. Ƙwayoyin nan da wasu mata ke sha don su yi ƙiba, irin su dekisametazon, suna ɗaga shi ƙwarai, har su jawo ciwon. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da maganin kinin kuwa suna iya saukar da shi.

Haka kuma kada mutum biyu su yi amfani da allurar huda yatsa ɗaya, ko da mata da miji ne, saboda cututtukan da jini ke ɗauka.

WA KE TABBATARWA?

Na'urar gida an yi ta ne don wanda aka riga aka tabbatar yana da ciwon ya riƙa bin sawun jininsa. Tabbatar da ciwon aikin ɗakin awon jini ne, inda ake ɗibar jini daga jijiyar hannu. In babu alamu bayyanannu, sai awo biyu na ranaku dabam-dabam sun nuna 1,26 ko fiye kafin likita ya yanke magana. Akwai kuma wani awo mai suna HbA1c, wanda ke nuna yadda sukari ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Iyakarsa kashi 6,5 cikin 100, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2011. Sai dai mai amosanin jini ko ƙarancin jini ya faɗa wa likita, don awon yakan kauce a kansu.

Wanda ke ƙauye ya fara da cibiyar lafiya mafi kusa. Su za su tura shi asibitin gunduma, ko babban asibitin jiha da ke Agadas, in da bukata.

LOKACIN DA BA A JIRA

A kai mutum asibiti nan take in awonsa ya haura 2,50 kuma yana amai, ko ciwon ciki, ko numfashi mai zurfi da sauri, ko barci na rinjayarsa. Haka in na'ura ta rubuta HI, wato sukarin ya wuce abin da take iya ƙirgawa. Yaron da ya koma fitsarin kwance, yana yawan shan ruwa, yana ramewa cikin ƴan makonni, shi ma a gaggauta.

In awo ya sauka ƙasa da 0,70, ga gumi da makyarkyata, musamman ga mai shan maganin sukari, a ba shi ruwan sukari ko dabino nan da nan. In ya suma, kada a ɗura masa kome a baki, a garzaya da shi.

ABIN DA ZA KA YI

1. Ka duba baƙaƙen da ke gefen lamba, ka san ma'aunin na'urarka.

2. Ka auna da safe kafin ka ci kome, kwana biyu ko uku. Huda yatsa sau goma a yini ba ya ƙara sani, sai dai ya ƙara fargaba, ya ƙarar da bandalet.

3. Ka ja layi huɗu a littafinka: rana, lokaci, abin da ka ci na ƙarshe, da lamba. Ka tafi da littafin da na'urar wurin likita.

4. Kada ka hana kanka abinci, kada ka ari maganin maƙwabci, kada ka fara shan saiwoyi saboda lamba ɗaya. Maganin sukari ga wanda ba shi da ciwon yana iya sumar da shi.

5. In kana bakin iyaka, ka rage sukarin shayi da lemun kwalba, ka ƙara ganye da wake, ka riƙa tafiya da ƙafa rabin awa a rana. Wannan yana jinkirta ciwon, wani lokaci ya hana shi zuwa.

6. In kana da alamu, ka je asibiti ko da na'ura ta nuna lamba mai kyau.

Manomin Tabelot ya je an ɗibi jininsa, an ce lafiya lau, ya koma kan tuwonsa da lambunsa. Maƙwabciyarmu tana shan magani, ƙafar ta warke bayan doguwar jinya, wadda da ta tafi da wuri da ba ta sha ta ba. Ciwon sukari ba a warkewa daga gare shi kwata-kwata, amma wanda ya san da shi da wuri ya kiyaye, yana iya tsufa da idanunsa da ƙafafunsa da ƙodarsa lafiya.

Muna roƙon malaman cibiyoyi su rubuta waɗannan lambobi uku a allo: 1,26 da 126 da 7.0. Su sa ɗalibai su yi lissafin da kansu har su gane cewa awo ɗaya ne. In kunne ya ji, jiki ya tsira.