Matan Stepford: Abubuwan Mamaki a Taƙaice

Garin Stepford babu shi a taswira. Marubucin nan ɗan Amurka, Ira Levin, shi ya ƙirƙire shi a littafinsa The Stepford Wives na 1972, ya ajiye shi a jihar Connecticut. Daga baya ya ce garin Wilton, inda ya taɓa zama, ya kalla ya zana shi.

Joanna Eberhart, mai sana'ar ɗaukar hoto, ta taso daga New York da mijinta da 'ya'yansu biyu. Ta tarar matan garin ba su da zance sai shara da wanki, kullum tsaf-tsaf, kullum murmushi. Ƙawarta Bobbie har ruwan garin ta zarga. Ashe mazan ne ke kawar da matansu, su maye gurbinsu da mutum-mutumi.

Abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki shi ne yadda ake shirin cikin fara'a. Wani ya zauna a falon Joanna ya zana ta. Wani ya ba ta jerin kalmomi ta karanta a rikoda, wai karin harshe yake nazari. Shugaban ƙungiyar mazan, Dale Coba, tsohon ma'aikacin Disneyland ne. Wata huɗu da zuwan mace, sai a wayi gari ta canja. Masu wannan aika-aika kuwa magidanta ne na mutunci, kuma Walter, mijin da Joanna ta amince wa, yana cikinsu.

A tsofaffin jaridun garin Joanna ta gano cewa waɗannan matan a da suna da ƙungiya mai ƙarfi, har Betty Friedan, fitacciyar mai fafutukar 'yancin mata, ta zo ta yi musu jawabi. Ita Friedan ɗin ta gaske, da aka nuna fim ɗin da aka yi daga littafin a 1975, ficewa ta yi a fusace.

An sake fim ɗin a 2004 da Nicole Kidman, aka mai da shi barkwanci, wanda a ganina ya rage masa kaifi. A 1996 ma an yi na talabijin da aka juya lamarin kan mazaje.

Babin ƙarshe na littafin kuwa ta idon Ruthanne ake ganinsa, marubuciya baƙar fata, sabuwar zuwa garin. Jordan Peele ya ambaci Stepford cikin abubuwan da suka zaburar da shi ya yi fim ɗinsa Get Out a 2017.