Wanda ke gaba shi ke rage gudu a filin ƙwallo

A minti na 38 na wasan ƙarshe na kofin Afirka, ranar 11 ga Fabrairun 2024 a Abijan, William Troost-Ekong ya sa kai ya zura wa Kodebuwa ƙwallo a raga. Daga nan Najeriya ta ƙara ja da baya, ta cunkushe a bakin gidanta. Masu masaukin baƙi suka yi ta kai hari ta gefen Simon Adingra, har Franck Kessié ya rama a minti na 62, Sébastien Haller ya ƙara ta biyu a minti na 81.

Mai kallo a fada, da kofin shayi a hannu, zai ce ƴan Najeriya gajiya suka yi, ko kuma sun saki jiki. Masu auna gudun ƴan wasa da kyamara da na'urar GPS, wadda ake saƙalawa a ƴar singiletin da ke ƙarƙashin riga, suna da wani bayanin.

Ƙwararren ɗan wasa yakan ci kilomita 10 zuwa 12 a wasa guda, amma mafi yawansa tafiya ce da sassarfa. Gudu mai ƙarfi ɗan kaɗan ne a ciki, kuma shi ne sakamakon wasa ya fi taɓawa. Wani bincike da Carlos Lago da abokan aikinsa suka wallafa a 2010 kan gasar Sifaniya ya nuna ƴan wasa suna rage irin wannan gudu idan suna gaba, su ƙara shi idan ana cin su.

Dalilin ba lalaci ba ne. Ƙungiyar da ke gaba takan matse layukanta, kowa ya tsare ɗan filinsa, ba a bin ƙwallo har gidan abokin hamayya. Wadda ke baya kuwa agogo ne ke korarta: masu tsaron gefe su haura, ƴan tsakiya su kutsa, in ƙwallo ta kuɓuce kowa ya juyo a guje. Matsalar ita ce mai jiran hari yana iya rage gudu amma ba ya hutawa, domin kuskure ɗaya a bugun kwana ya isa, kamar yadda Kessié ya nuna.

Kuma nauyin ba ya sauka daidai a kan kowa. Paul Bradley da Tim Noakes, a bincikensu na 2013 kan gasar Firimiya ta Ingila, sun gano cewa a wasannin da aka ci da rata mai yawa masu tsaron tsakiyar baya sun rage gudu mai ƙarfi, ƴan gaba kuwa sun ƙara. Ɗan gaba shi ke samun fili idan abokan hamayya suka baro gida neman ramuwa.

Wannan ya shafi matashin da ya bar Maraɗi ko Yamai zuwa gwaji a wata ƙungiya a waje, inda ake duba alƙaluman na'urar bayan an tashi. Mai tsaron baya da ƙungiyarsa ta ci 3 da nema zai iya fitowa da adadi ƙarami alhali ya yi aikinsa tsaf, wanda aka lallasa kuma ya fito da adadi mai ƙayatarwa saboda ya wuni yana bin bayan mutane. Shi ya sa masu nazarin wasa a manyan ƙungiyoyi suke raba minti 90 ɗin gida uku, lokacin da ake gaba, lokacin kunnen doki da lokacin da ake baya, kafin su ce wane ya yi gudu, wane bai yi ba.