Bikin giyar Munich: dawaki da shanu ne asalinsa

Mai saurare, in ka ji an ambaci Oktoberfest, bikin birnin Munich na jihar Bavaria a Jamus, giya za ta fara faɗo maka a rai. To amma ba ita ce asalin taron ba. A watan Oktoban 1810 aka ɗaura auren Yarima Ludwig da Gimbiya Therese, aka yi sukuwar dawaki a wani fili bayan gari. Da shekara ta zagayo, a 1811, manoma suka kawo dabbobinsu baje koli, masu mafi kyau suka samu kyauta.

Sannu a hankali rumfunan giya da baƙi 'yan yawon buɗe ido suka cinye filin. Shi ya sa a 2010, da bikin ya cika shekara 200, aka keɓe wa al'adar kakanni ɓangare guda, har aka sake yin sukuwa. Yanzu ana kiran wurin Oide Wiesn, wato tsohon filin ciyawa. Akwai lilo irin na da, masu bushe-bushe, da raye-raye cikin gajeren wandon fata. Sai dai fa shiga Yuro 4 ne.

Ka gani ko? Al'adar da aka bari kasuwa ta danne, wata rana sai da tikiti jikoki za su gan ta.